Katifar Yaya Famau

Kilwa, 9 ga Janairu

Yaya Famau,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Lamu baki ɗaya. Subira, jirgin ruwan Baba da ka ce ba zai wuce Malindi ba, ga shi a Kilwa. Ban manta sharaɗinmu ba: in ya kai tsibirin Ibo, inda Baba ya kai shi yana saurayi, ya zama nawa, in ya gaza, kafintanka ya farfasa shi ya yi wa otal kujeru.

Kullum bayan asuba mijina Lali ya kwashe ruwa, ni in ɗinke ƙyallen jirgi, mu ci shinkafa da kwakwa da abin da ƙugiya ta kamo. Jiya na shafe katakai da man hantar kifi, wari har Lali ya ce, "Mwanahawa, yau kam ki zauna ta bayan iska."

Katifar da ka ba ni don in kwanta in jiri ya kama ni, jirin bai zo ba, amma ta hana bayana sakat. Duwatsu ka zuba a ciki? Ka amsa ta Mtwara.

Ƙanwarka,
Mwanahawa


Lamu, 21 ga Janairu

Mwanahawa,

Bayan gaisuwa. Kwashe ruwa kullum ba abin alfahari ba ne, yoyo ne. Katakon da ke ƙasan hagu na san shi tun kina rarrafe, kuma tekun kudu ba ta san ke 'yar wane ce ba. Kafinta ya zo sau biyu, har ya auna inda kujerun za su zauna. Ki juyo, ba wanda zai yi miki dariya sai ni.

Katifa kuma kar ki kuskura ki yar da ita.

Allah ya tsare,
Famau


Ibo, 18 ga Fabrairu

Yaya,

Ina gaisuwa, kuma ka dubi sunan garin da ke sama ka sake dubawa!

Gaskiyarka kan katakon. Kwana biyu da barin Mtwara, da hantsi, ya buɗe baki, ruwa har gwiwa. Na ji tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Da ƙyar muka jingina jirgin kan yashin wani tsibiri, ba gida ba mutum. Da teku ta janye muka ga tsagar, ta kai kamu biyu. Audugar toshe tsagar jirgi ta ƙare tun Kilwa, ƙarfen cusa ta kuma ya faɗa ruwa a Pemba.

Lali ya zauna ya riƙe kai. "Shi ke nan, yayanki ya samu kujeru."

Na ce, "Kujerun uban wa? Miƙo min wuƙa."

Na farke katifarka don in samu auduga. Sai ga ƙunshi a tsakiya: ƙarafan toshiya uku na Baba da 'yar gudumarsa, waɗanda ka rantse sun ɓace ranar da aka raba kayansa. Na zauna a yashi na yi kuka, sannan na yi dariya har Lali ya zaci na taɓu.

Na murza audugar, na jiƙa da man kwakwa, na bi tsagar ina bugawa yadda Baba ke yi, sai da amon katakon ya canza. Ruwa ya dawo, Subira ya tashi, cikinsa a bushe ƙayau.

Jiya wani tsoho a bakin gaɓa ya shafa goshin jirgin ya tambaye ni ina mai shi. Na ce ga ta a gabanka.

Yaya, wata biyu ina kwana kan ƙarfe. Ba za ka iya miƙo min da hannu ba?

Taka har kullum,
Mwanahawa


Lamu, 3 ga Maris

Nahoda Mwanahawa, shugabar jirgi,

Ina gaisuwa. Da na miƙa miki da hannu, da kin ce na yarda za ki kai.

Na sallami kafinta. Iskar kudu na tasowa ki kawo jirginki gida, zan tsaya a gaɓa in karɓi igiya.

Yayanki,
Famau