Ihun Inna ta Bayan Ƙofa

Lahadi, 5 ga Oktoba, 2025

Na dawo daga Tafoki. Inna tana nan yadda na bar ta wancan satin, kwance gefe ɗaya, fuska ga bango. Tun ranar da ta sunkuya ɗaukar kwandon masara ta ji bayanta ya ce ƙas, ba ta ƙara miƙewa ba. Salla ma a kwance take yi. Maɗori ya zo ya shafa, ya ce shi hannu da ƙafa ya sani, baya ba shi da wurin ɗaura kara. Allah ya saka masa da faɗin gaskiya.

Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa bango. Can sai ta ce wa ƙanena Kamilu, "A ce ma waccan ta tahi gida, yamma ta yi." Ina zaune fa, gwiwata tana taɓa tabarmarta.

Waccan. Na haura arba'in, ina koyar da 'ya'yan mutane a Sheme, kowa Malama Lauratu, amma wurin Inna ni waccan ce. Laifina ɗaya, ni ce ta fari. Ba ta faɗin sunana, ba ta kallon idona, ana yaye ni aka kai ni Yargoje wurin kakata. Kunya wai. Autarmu Hussaina kuwa har da aurenta kan cinyar Inna take kwanciya. Na daɗe da daina jin haushi. (Ƙarya nake.)

Ta rame sosai. Ina tsoron kada kwanciyar nan ta zama ita ke nan.

Laraba, 8 ga Oktoba

Hussaina tana jego a Sabuwa, ba ta fita. Matar Kamilu cikinta ya tsufa. Wato ni ce zan yi jinyar asibiti. Maigidana, Malam Hadi, ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi, wai "Ke da Inna ɗaki guda? To wa za ya yi maku tafinta?"

Litinin, 13 ga Oktoba

Funtuwa. An yi hoton baya, sun ce a wuce Zariya. Kamilu ya cire kujerar bayan mota ya shimfiɗa katifa. Duk ramin da muka faɗa ni ke cewa wash, ita shiru.

Talata, 21 ga Oktoba

Zariya. Raina a ɓace yake, bari dai in rubuta ko na huce.

Jiya aka saka ta cikin babbar na'urar hoto. Yau muka ga likitan ƙashin baya, wani dogo mai sanyin magana. Ya nuna mana ƙasusuwan baya a jere, biyu sun lotsa kamar gwangwanin madara da aka taka. Ya ce tsufa ne ya cinye ƙashin ta ciki, shi ya sa kwandon masara kawai ya isa. Ya ce akwai aikin da ake yi ba tare da an yanka ba: a shigar da allura cikin ƙashin da ya karye, a ɗura wani siminti na asibiti, ya daskare ya riƙe wurin. Kamilu ya ce da ya sani da ya taho da ragowar na gininsa. Likita ya yi dariya ya ce wannan daban ne, kuma ba kowa ake yi wa ba, sai wanda ciwo ya ƙi lafawa da magani da hutu. Dole kuma ya tabbata wane ƙashin ne ke ciwon, don ɗaya kamar tsohuwar karaya ce.

Kamilu ya fita. Ni da wata nas muka juya Inna. Likita ya fara danna bayanta daga sama yana gangarowa. "Mama, nan da zafi?" "Babu." "Nan fa?" "Ba komi." Har ƙasa, babu, babu, ba komi. Ya sake bi, haka. Ya tsaya yana kallon hoton, yana kallonta. Ya ce shi ba zai soka allura inda mai jiki ta ce ba ya ciwo ba, a ƙara gwada magani, mu dawo jibi ya sake dubawa. In dai haka ne, sai mu koma gida.

Mu koma gida! Matar da ko zama ba ta iya yi!

Laraba, 22 ga Oktoba

Muna gidan wani abokin Kamilu. Da safe na kwashi kayan Inna zan wanke, sai na ga bakin mayafinta duk sawun haƙori, har wuri ɗaya ya huje. Mayafin da ta riƙe jiya wurin likita.

Na zauna bakin famfo da mayafin a hannu kamar wata sokuwa. Ashe cije shi ta yi ta yi. Ina tsaye kanta, ta yaya za ta yi raki gaban 'yar fari? Matar da aka ce ko ranar haihuwata ba a ji tarinta ba. Kuma a Tafoki ma, ai sai na shiga ɗakin take yin shiru. Kamilu ya ce in ba na nan har kuka take. Yau yake gaya mini! Na ce masa kai ma Allah ya shirye ka.

Haushi ya kama ni, dariya ta kama ni. Za ta kwanta har abada saboda kada in ji ta ce wash.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi!

Kafin mu shiga na ja nas ɗin gefe. Sunanta Rahila, ashe 'yar wajen Kankara ce. Ban ƙarasa bayani ba ta kama baki. Ta ce, "Ni ma ta fari ce, har yau Ke nake a gidanmu." Ta shiga ta raɗa wa likita.

Da aka kwantar da Inna na ɗaga murya na ce zan je sayen ruwa, wurin da nisa, zan daɗe. Na fita na ja ƙofa, na manna kunne jikinta kamar ɓarauniya.

Can sai kawai:

"Wayyo Allah! Nan ne, ɗan nan, nan ne! Kashe ni za ka yi? Ɗauke hannunka!"

Ban taɓa jin muryar Inna da ƙarfi haka ba tun da aka haife ni. Ashe tana da murya! Na jingina da bango ina dariya, hawaye na zuba, wata mata da ke jiran layi ta ce mini, "Haƙuri, baiwar Allah." Na ce mata ai murna nake. Ta matsa daga kusa da ni.

Na je na sayo ruwan don kada in zama maƙaryaciya. Da na dawo Inna ta gyara ɗankwali, fuska lumui kamar ba ita ba. Likita ya ce ƙashin ƙasa ne, ya yi daidai da hoton. Za a yi aiki ranar Laraba.

Asabar, 25 ga Oktoba

Hussaina ta kira ta ce in kwaikwaya mata ihun. Na ƙi. Daga baya na yi mata sau biyu.

Talata, 28 ga Oktoba

An ba mu gado. Likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce wani lokaci simintin yakan tsiyaya ya fita daga ƙashin, in ya taɓa jijiya matsala ce, shi ya sa suke yi suna kallo ta na'ura. Kuma ba kowa ke samun sauƙi iri ɗaya ba. Ba za a sa ta barci ba, wurin kawai za a kashe, don haka in ta ji wani abu ya sauka mata ƙafa ta faɗa nan take. Ya dube ni ya ce, "Ke kuma za ki je sayen ruwa." Kowa ya yi dariya ban da Inna. Na ga dai gefen bakinta ya motsa.

Ta ce wa Rahila, "A tambayi waccan ko ta ci abinci." Ban ci ba. Ban san ta lura ba.

Ina tsoro.

Laraba, 29 ga Oktoba

An yi! Ban san ta inda zan fara ba.

Sun shiga da ita da hantsi, a kife. Ni da Kamilu muna kan benci, yana jan carbi yana kuskure, ina gyara masa, muna neman yin faɗa. Kafin azahar sun turo ta. Na ɗaga rigarta ina neman ɗinki, ba komai sai 'yar filasta biyu ƙanana. Na ce wa Rahila shi ke nan? Ta ce shi ke nan. Aka ce ta kwanta rigingine kada ta motsa sai an ce.

Bayan la'asar likita ya zo ya ce, "Mama, mu gwada." Na miƙe zan fita, don na riga na koyi darasi. Sai Rahila ta ce ita kaɗai ba za ta iya ba, in kama ɗaya hannun. Inna ba ta ce a'a ba. Ta kawar da kai, ta miƙo hannun.

Ta zauna. Ta jira ciwon, na ga tana jiransa, ido a rufe. Ta buɗe ido. Ta sauke ƙafa, ta dafa mu da dukkan nauyinta, ta miƙe. Inna tsaye! Ta taka, ta ƙara takawa, har bakin taga. Ta ce, "Ikon Allah. Abin ga da ke sukata ya tahi." Saura tsamin wurin allura, in ji ta.

Kamilu ya fashe da kuka, ƙaton banza, har da majina. Ni ban yi ba. Ina ta lura da yatsunta da suka nutse cikin damtsena. Ban taɓa sanin tafin hannunta yana da kaushi haka ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Ta yi sallar asuba a zaune kan kujera, ta kalli gabas da kanta. Har yanzu akwai shatin yatsunta a hannuna.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Tafoki. Gida ya cika maƙil, har da waɗanda suka zo ganin ko da gaske ne. Maɗori ma ya zo, ya nemi izini ya ga filastar, ya daɗe yana girgiza kai, ya ce, "Ba kara, ba tsumma?" Ya sa albarka ya tafi. Tsofaffi suna ta tambaya ko yanzu bayan ya yi nauyi. Inna ta zama mai ba da labari, har da nuna tsawon allurar, kuma kullum allurar ƙara tsawo take. Ina shiga ɗakin sai labari ya tsaya.

Na tara su na karanta musu dokar likita: ba ɗaukar kaya, ba daka, ba sunkuyo, maganin ƙarfin ƙashi kada a fasa, don sauran ƙasusuwan ma ba ƙwari gare su ba. Kuma ta riƙa ɗan tattaki kullum. Na ɓoye taɓaryarta a rumbu. Ta ce wa matar Kamilu, "Waccan ta cika iko." Na ji daɗin maganar, ban san dalili ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Makaranta ta riƙe ni, sai waya. Kamilu ya ce an kama ta tana sheƙe wake. A tsaye dai, wai, ba ta sunkuya ba.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Na je Tafoki. Ban ishe ta gida ba, wai ta tafi barka can bayan masallaci. Ina zaune sai ga ta ta shigo, ita kaɗai, ba sanda, tana saɓa mayafi tana faɗa da awaki. Har ta ɗan yi ƙiba. Ta yi la'asar a tsaye, ina kallo ta wutsiyar ido, ta yi ruku'u a hankali ta ɗago.

Da zan tafi na yi sallama daga bakin ƙofa kamar kullum. Sai ta ce wa matar Kamilu, "Likita ya ce in riƙa tattaki. Bari in taka zuwa bakin hanya." Inna ba ta taɓa raka ni ko zaure ba.

Muna fita ta kama damtsena, wurin nan dai na asibiti. Na gyara kafaɗa don in ɗauki nauyinta. Ba nauyi. Ko kaɗan. Hannun kawai ta ɗora. Matar da ta je bayan masallaci ta dawo da ƙafarta.

Ba ta dube ni ba, ban dube ta ba. Ta yi ta yi wa gonakin mutane sharhi, wannan dawa ta yi kyau, wancan bai yi noma na biyu ba. Mun ishe Gide mai mashin yana jirana gindin tsamiya, ya ce, "Malama, a yi sauri, yamma ta yi." Na ce masa ya jira, Inna ba ta son sauri.

Ni ce dai nake ta rage tafiyar. Takalmin nan ne ke matsa mini, ina jin.