Kan Babur a Awon Kafaɗar Wani

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya zaman nesa da gida? Mu nan lafiya ƙalau. Umma tana gaishe ka. Gwiwarta ta yi sauƙi, sai dai har yanzu ba ta daina taka kujera don ɗauko kaya a saman kabad ba.

Direban kamfaninku ya kawo saƙo. Da na ga dogon kwali na ɗauka fitilar ɗaki ce, sai da na buɗe na ga sabon kan babur, wato ƙarfen da ake riƙewa a tuƙa, na alminiyam, baƙi wuluk, da robobin hannu, da ƙarafa biyu na ƙara masa tsayi. Yaya, ban san irin godiyar da zan yi maka ba. Ranar da na gama jami'a ka ce babur ɗin Baba ya zama nawa, amma ban zaci har kwalliya za ka yi masa ba.

Maganar aiki kuwa, ofishin da ke duba rijiyoyin burtsatse sun ɗauke ni bisa sharaɗi ɗaya: in zo ranar Litinin ta farkon wata da babur nawa, irin wanda zai hau kwalta ya kuma shiga yashi. Wanda bai zo da shi ba, sai a kira na bayansa. Shi ya sa ban zauna ba. Na wanke kafireto, na canza sarƙa da mai da tayar baya. Ranar da ya tashi, Umma ta fito da gudu daga kicin, ta tsaya tana sauraren ƙararsa, sannan ta koma ciki.

Abu ɗaya nake son ka duba. Na auna tsohon kan, faɗinsa santimita saba'in da shida ne, da 'yar lanƙwasar nan ta hagu tun faɗuwar Baba a yashi. Sabon kuwa tamanin da biyu ne. Akwai layuka a bakinsa na inda ake yankewa. In ka yarda zan rage santimita biyu a kowane gefe, don ka san hannuwana ba su kai naka ba.

Ka gaishe mini da abokan aikinka.

Ƙaninka mai ƙaunarka,
Auta


Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ka lafiya. Muna nan ƙalau, Umma tana yi maka addu'a.

Direba ya faɗa mini saƙonka: kada in yanke ko kaɗan, in sa ƙarafan ƙarin tsayin duka biyu, in kuma tura kan gaba har layi na biyu. Haka na yi, ban ƙara ba, ban rage ba.

Aikin ya fi yadda na zata. Na ari sifana da injin huda ƙarfe a garejin maƙwabcinmu. Na rufe tanki da tsohon bargo don kada ya karce. Makunnin fitila yana da wani ɗan haƙori a ciki da ke shiga rami a jikin ƙarfen, sabon kan kuwa ba shi da ramin. Sai da na auna nisan ramin a tsohon, na manna tef, na sake aunawa, sannan na huda. Da kan ya ƙara tsayi, wayar totur da ta kuloci suka yi gajeru, dole na kwance su na bi da su ta bayan ƙafafun gaba, ƙarafan nan biyu masu riƙe taya. Na tada inji na karya kan zuwa ƙarshen dama da ƙarshen hagu, ƙarar ba ta tashi ba. Notunan mazaunin kan guda huɗu na ɗaure su bi da bi, a gicciye, yadda ka koya mini.

Ya yi kyau ƙwarai. Amma Yaya, gaskiya bai yi mini ba. In na zauna, hannuwana a miƙe suke sarai, gwiwar hannu ba ta lanƙwasa. In zan juya a lungunmu, hannun da ke waje yana sakin roba, sai in rarumo ta da yatsu biyu. Maƙwabcinmu ya tsaya a bakin gareji yana dariya, wai kamar mai shanya zanin gado a igiya. Na gwada shi a yashin bayan makaranta, kafin in dawo kafaɗuna sun yi tsami. Aikin nan kuma yini ake yi a kan babur.

Na san ka fi ni sanin babur, ban kuma ce ka yi kuskure ba. Wataƙila sabo ne ya rage. Amma ka sake tunani a kan yankan nan. Ko zarton ma na aro, yana nan rataye.

Direba ya kuma ce in haɗa takardun babur da makulli na biyu in ba Umma ta ajiye. Na ba ta. Da na tambaye ta dalili sai ta ce in je in ci abinci.

Ƙaninka,
Auta


Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Umma lafiya. Ni ma jikina lafiya.

Jiya da hantsi na yi baƙo. Ina tsakar gida ina gyara zaman madubi sai aka yi sallama, wani dogon saurayi ya shigo, sai da ya sunkuya a ƙofa. Ya gabatar da kansa, ya ce shi ne ƙanin wadda za ka aura, a gidansu Dogo ake kiransa. Na yi masa maraba, na kawo masa kujera da ruwa, ina murna na ga suruki.

Bai zauna a kujerar ba. Kai tsaye ya nufi babur, ya zagaye shi, ya shafa tanki, ya nemi izini ya hau. Yaya, da na ga yadda ya zauna na gane, tun kafin ya yi bayani. Hannuwansa suka sauka a kan robobin kamar a nan aka haife su. Gwiwar hannunsa ta lanƙwasa daidai yadda ake so. Ya miƙe tsaye a kan matakai, bayansa a miƙe, bai sunkuya ba. Ya karya kan zuwa ƙarshe, hannunsa bai motsa daga wurinsa ba.

Sannan ya shiga yi mini godiya. Ya ce kai ka sa shi ya hau babur ɗin wani abokinsa ya auna maka faɗin da ya yi masa, ya faɗa maka a waya. Har adadin ya faɗa: tamanin da biyu, da ƙarin tsayi, a tura gaba zuwa layi na biyu. Ya ce ka gaya masa kana da ƙane mai hannun gyara, wanda ba ya barin noti ko ɗaya a sake, shi zai shirya masa komai. Ya ce bai san me zai saka mini da shi ba, in dai ina son ɗan zagaye wata rana, in zo in ara.

In ara, Yaya.

Yaron nan bai san da maganar aikina ba, na gani a fuskarsa. Har tambayata ya yi ko na samu abin yi tun da na gama karatu. Na ce ana nema. Na roƙe shi ya ba ni zuwa jibi, akwai abin da ban gama dubawa ba, wanda kuma gaskiya ne. Ya tafi yana waige.

Da ya fita na shiga wajen Umma. Tana ninke kaya, ta ninke riga ɗaya ta warware ta sake ninkewa. Ta ce ka kira ta tun kafin kwalin ya iso, ka ce za ka faɗa mini da bakinka, ka roƙe ta kada ta riga ka. Ta ce takardun da sunanka suke tun bayan rasuwar Baba, ita kuma ba ta son ta shiga tsakanin 'ya'yanta. Sai ta fara kuka, ni na koma ina ba ta haƙuri.

Ba zan yi maka musu a kan takarda ba, na karanta, sunanka ne. Ba kuma zan ce kada ka kyautata wa surukanka ba. Da ka ce mini, Auta, na yi wa mutane alkawari, ka nemi wata hanya, da na ji zafi, amma da na samu lokacin neman aro ko haya. Abin da ka yi shi ne ka bar ni ina kwance a ƙasa ina wanke kafireto, ina rubuto maka godiya. Na faɗa maka ranar da ofis suka sa mini, ka karanta, amsar da ka aiko ita ce kada in yanke.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan. A kan babur ɗin nan ka koya mini tuƙi. Kana zaune a bayana, hannuwanka a kan nawa, kana tsokanata wai hannuwana kamar na ɗan tsana, sai an ɗaura mini sanda. Duk duniya ba wanda ya san tsawon hannuna kamarka. Da na rubuto maka cewa bai yi mini ba, ka san dalili. Ni kuwa ina nan ina zargin kafaɗuna, ina cewa sabo ne ya rage.

Zarton yana nan a rataye. Jiya na ɗauko shi, na manna tef a layin santimita biyu, na ɗora haƙoransa a kan ƙarfen. Na daɗe a haka. Na san in na yanke ba mai mayarwa, kuma Dogo ba zai ji daɗinsa ba, wataƙila ka haƙura ka bar mini. Amma sai ya zama na ƙwace ne, alhali kyautarsa ka yi mini.

Litinin saura kaɗan. Ina jiran amsarka ta hannun direba, ko ka hau tudun nan da kake samun sabis ka kira ni. Kalma ɗaya ta isa.

Auta


Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Umma tana gaishe ka.

Direba ya zo, ya sauke wa Umma buhun da ka aiko, ya ce ba ka ba shi wani saƙo nawa ba. Sai da na sake tambayarsa, har ya duba aljihunsa don ya faranta mini. Wayata kuma ba ta yi ƙara ba. Na ɗauki wannan a matsayin amsa.

Dogo ya zo ya ɗauki babur. Na ba shi makullai biyu da takardu, na cika masa tanki. Ya gaishe da Umma da ladabi. Ƙarar babur ɗin na ji har ya fita babban titi.

Ranar Litinin na je ofis a ƙafa, don ban so su yi ta jirana. Na faɗa wa shugabar ma'aikatan fili cewa babur ɗin da na ce ina da shi ya fita hannuna. Ta tambaya ko sace shi aka yi, na ce a'a. Ta ce ta ji ba daɗi, amma ƙauyukan ba sa jira, ta kira na bayana tun ina tsaye. Ta ce in sake nema in an buɗe wani karon. Ban san yaushe ba ne, ita ma ba ta sani ba.

Ga abin da nake so ka isar wa Dogo, don na faɗa masa amma murna ta hana shi ji. In ya yi tafiyar kilomita kamar ɗari, ya sake ɗaure notunan mazaunin kan guda huɗu, a gicciye, domin sabon alminiyam yana zama. Wayar totur tana bi ta bayan ƙafar gaba ta dama, kada wani makanike ya mayar da ita gaba, in aka yi haka za ta ja mai da kanta a kwana. Robar hannun hagu ban sa mata gam mai yawa ba, ya duba ta bayan ruwan sama. Birkin baya yana kamawa da wuri a yashi. Ba shi da laifi a wannan magana, ba na so ya faɗi.

Ranar ɗaurin aurenka zan zo, saboda Umma. Zan gaishe ka a gaban mutane yadda ƙane ke gaida yayansa. Roƙona ɗaya, kada ka nuna ni ga surukanka ka ce ga mai hannun gyaran nan.

Tsohon kan yana wajena. Na goge shi, na rataye shi a ƙusan da ke bayan ƙofar ɗakina. Robarsa ta dama har yanzu da shatin babban yatsan Baba. Na riƙe shi ɗazu, ya yi mini daidai, har lanƙwasar. Shi kam ba ka ba kowa ba, don ba ka tuna da shi ba. Kada ka aiko a karɓa.

Ka huta lafiya.

Auta