Ƙwan Fitilar da Na Cire

Laraba, bayan isha'i

Madalla da wayona, ya yi aiki har ya hana ni cin tuwo. Motar dizal ɗin da na sayar wa Modu, mijin ƙanwata, yau ta kasa jan buhu shida na busasshen kifi daga Baga Road zuwa Lamisula. Sai baƙin hayaƙi take yi, tana shan mai kamar an huda tankin. Kuma da ita yake ciyar da gidansa.

Shi ya roƙe ni in raka shi gareji, wai ni na san mota. Makaniki ya canza filta, ba ta canza zani ba. Ya duba nozul masu fesa mai a inji, ya ce sun daɗe da mutuwa. Da ya kwance dashbod, sai ya ga an cire ƙwan fitilar da ke nuna inji ba lafiya. Ni na cire shi, ana gobe ciniki.

Modu ya ce, "Yaya, ka ga dillalan motar Kwatano ko? Ashe kai ma cutarka suka yi. Allah ya tona asirin wanda ya yi wannan."

Na ce amin, har da shafa fuska.

To in addu'ar nan ta karɓu, da bakin wa ta karɓu, nasa ko nawa?