Maganar da Na Kai a Kan Ɗanasabe

Ni Maikano, manomi a ƙasar Tudun Wada, na rubuta wannan da hannuna a kakar 1957, da cikakken hankalina, ba wanda ya sa ni. Ciwon ƙirji ya ci ƙarfina. Bala, Luba da Asabe, ku karanta tare.

Na ɗaya. Gida da gonar tudu na Bala ne. Awaki da dawar rumbun baya, Luba da Asabe su raba.

Na biyu. Gonar fadama ba tamu ba ce, ta baffanku Ɗanasabe ce, ƙanena. Ku mayar masa. Kun taso kuna jin wai neman ƙasar noma ya kai shi Doguwa. Ƙarya ce, ni na kore shi.

Ni na riga shi karɓar baftisma da shekara biyu. Ni na kama hannunsa na koya masa haruffa a ƙasa. Amma da Baturen mishan ya tashi zaɓen wanda zai tafi makarantar masu bishara, sai ya tsallake ni ya ɗauke shi. Muryarsa ta fi tawa, ban musa ba. In ya tashi addu'a tsofaffi sukan share hawaye, in ni na tashi sai su yi ta tari. Aka ba shi keke. Yau shekara goma sha biyu, har yanzu in na ji ƙararrawar keke sai zuciyata ta yi zafi.

Na keɓe da Bature na ce masa Ɗanasabe yana yanka wa Uwargona, iskar gona, akuya a ɓoye, irin tsafin iyayenmu. Bai taɓa yi ba. Aka karɓe keken, aka hana shi cin jibin Ubangiji a majami'a, ya kwashe iyalinsa ya tafi. Ni ma ba a zaɓe ni ba.

Na uku. Bala, ranar Lahadin da ta biyo bayan jana'izata, ka miƙe a majami'a ka karanta wannan takarda da ƙarfi, kada ka tsallake layi ko ɗaya. Ni da bakina na sha koya muku cewa Almasihu ya ce duk maganar da aka raɗa a ɓoye za ta fito fili. Ina faɗa, tawa tana zaune a cikina. Gara ta fito a nan da ta jira ni gaban kursiyinsa. Za ka ji kunya, ka daure.

Bara matar Ɗanasabe ta gaya wa mahaifiyarku cewa tun ranar farko ya san ni ne na kai maganar. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, ga zumar da yake aiko mini kowace shekara. Da na ji, maimakon in yi kuka sai haushi ya kama ni, don ko a haƙuri ma ya fi ni. Wannan ma ku roƙa mini gafara.

Na huɗu. Luba, na ga yadda kike kallon Asabe tun da aka sa ta jagorar waƙa. Na san wannan kallo. Ki gaya mata abin da ke ranki a fuskarta, kada ki gaya wa wani.

Ku je Doguwa ku uku, ku durƙusa wa baffanku a madadina. In ya yarda, ku dawo da shi gida, shi ne ubanku bayana. Ubangiji ya sa muku albarka, ya tsare ku. Ku riƙe juna, kada gidan nan ya sake rabewa.