Motar Babanku Ta Daina Tafasa

Assalamu alaikum, Auta. Ina lafiyarka, ya aiki, ya Hauwa da yara? Kana cin abinci kuwa?

Albishirinka! Tsohuwar motar babanku ta tsira daga masu sayen ƙarafa. Kawunka Ilu ya kwance lagireto, ya yi ta ɗura ruwa yana zubarwa har ya fito tas. Ashe garin kuka ne ya toshe shi, babanku ke zubawa don tsayar da yoyo. Kawu ya ce, "Yaya, miya kake kaɗawa?"

Jiya mun je Ajingi mun dawo Gaya, gabana yana ta faɗuwa, amma ba ta tafasa ba. An fasa sayarwa.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. Da ita za mu tarbe ka a tasha.

Innarka