Ƙaryar da Na Yi Maka a Kan Waƙar Nan, Yaya Issufu

Zuwa ga yayana Issufu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa, ina fatan rahamar Ubangiji ta iske ka a makwancinka. Ni ce Rabi, autarku. Yanzu ina koyarwa a lakwal ɗin Kanan-Bakashe, kuma bazarar nan ita ce ta bakwai da rabuwarmu. Akwai maganar da na riƙe tun kana raye, yau nauyinta ya ishe ni.

Ka tuna waƙar nan ta ƙetaren teku? Wani direban babbar mota ne ya tura maka ita a tashar Tasawa, lokacin kana kabu-kabu tsakanin Gidan Amumune da ƙauyuka. Ka ɗaure 'yar rediyo mai cin kati a kan tankin esanshi, wato man babur, da robar taya, kana tafe tana tashi. A duk yankinmu babu wanda ya san ta. Abokan aikinka suna maka dariya, wai ka kwaso kukan aljanu. Kai kuwa ka ce: "Ku bari ta yi ƙafa, duniya za ta biyo ni."

Duniyar kuwa ta biyo ka. Duk Asabar bayan la'asar wata tashar rediyo ta waje tana jero waƙoƙi goma da aka fi saurare. Ranar da taka ta shigo a ƙarshen layi, ka faɗo gida a guje har Inna ta saki taɓarya, ta zaci wani mugun abu ne. A tashar ka ji tarihinta: wani saurayi ne da ba a san shi ba ya rera ta a ɗakinsa, manyan masu kiɗa suka ƙi ta, sai mutane suka yi ta tura wa juna a waya har ta tsallake ƙasashe. Ka ɗauke shi tamkar ɗan unguwarmu. Mako-mako kana kawo mana labari, yau ta wuce biyu, gobe ta tsaya cik, sai ka ce amfanin gonarka ne yake tashi.

Ina gida hutun koleji, kuna zaune da abokanka a gindin itacen bedi, ka kira ni. Ka ce: "Ke da kika yi boko, faɗa musu abin da yake cewa." Yaya, yaren ba faransanci ba ne, ba kuma turancin da ake koya mana ba. Ko kalma ɗaya ban gane ba. Amma kai ne kake ɗauka ta a babur ka kai ni Mayahi duk farkon zango, kana nuna ni da alfahari, sai na ji kunyar in ce ban sani ba a gabansu. Na ce ɗa ne ya yi nisa da gida, yana ce wa mahaifiyarsa ta share hawaye, yana nan tafe.

Sai ka ce: "Shi ya sa take taɓa ni."

Daga nan duk fasinjan da ya hau bayanka sai ya ji fassarar. Ka zaunar da Inna ka bayyana mata. Sau nawa na yi niyyar gaya maka gaskiya, sai in ce gobe.

Sanƙarau ya kama ka ranar Talata, waƙar tana ta biyu. A gadon asibiti a Mayahi, wuyanka ya sandare, idonka ba ya son haske, ka lalubo hannuna ka ce: "Rabi, ran Asabar ki saurara mini." Na ce to. Ran Juma'a ka cika.

Ban saurara ba, ana zaman makoki. Bayan sadakar bakwai abokinka Mamman Sani, wanda ya fi kowa yi maka dariya, ya tsaya a ƙofar gida kansa a ƙasa, ya ce mini ta hau kan kowa. Ta zauna a can har ruwa ya sauka aka yi shuka. Gidan biki ita, shagon caji ita, kasuwar garin Cake ita. Nakan toshe kunne in wuce.

Bayan arba'in Inna ta ce in ɗauko mata rediyonka. Ka san ta, ba ta taɓa zama don kiɗa ba. Ta sa na kunna, ta saurara har ƙarshe, ta ce: "Ga Issufu can yana ce mini in yi haƙuri." Har yau takan nema. Rediyon ya mutu, mun mayar da katin cikin waya.

Bara wani mushe, wato malamin da muke koyarwa tare, ya nemo mini fassarar gaskiya. Wani ne yake kiran budurwa su je rawa bakin ruwa kafin rana ta faɗi. Babu uwa a ciki, babu dawowa. Na yi dariya, dariyar ta koma kuka a gaban mutane.

Na je gida da niyyar faɗa wa Inna. Na same ta tana ɓarar gyaɗa da lalube, don idonta ya yi rauni. Na zauna, na buɗe baki, sai na tambaye ta ya ƙafa. Duniya ta daɗe da mantawa da waƙar, an yi wasu sun hau sun sauka. Tsohuwa guda ce ta rage tana jiran ta, ni kuma ba zan ƙwace mata ba.

Kai kaɗai nake gaya wa, Yayana, ko da yake na san wasu za su karanta, har da 'yan garinmu. Ina roƙon su don Allah kada maganar nan ta kai kunnen Inna. Kai kuma ka yafe wa ƙanwarka. Yarinya ce da ta so ka yi taƙama da ita.

Allah ya jiƙan ka, ya yalwata maka kabarinka, ya sa zafin ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Allah ya ba Inna sauƙin tsufa, ya gafarta mini, ya tara mu a gidan da ba a rabuwa. Amin.

Ƙanwarka mai kewarka,
Rabi