Abin da Ke Ƙarƙashin Daɓen Tukunya

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Ofishin Kula da Kayan Tarihi na Lardi.

Daga Baldassare Cusumano, tsohon masunci,
Layin Masunta, Marina di Calvusa, Sisili.

Laraba, 9 ga Oktoba, 2019.

Game da: Aikin huda daɓen ɗakin kankare na sojoji da ke gefen tsohon filin jiragen yaƙi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina kawo kukana kan ɗakin da sojoji suka bari tun 1943, wanda mu 'yan gari muke kira Tukunya, kuma ofishinka ya sa shi cikin kayan tarihi a bara.

1. Ranar 23 ga Satumba aka liƙa sanarwa cewa ranar Litinin, 14 ga Oktoba, za a huda daɓen ɗakin da inji a kafa ƙarafunan da za a riƙa riƙewa da hannu, domin 'yan makaranta su riƙa ziyara. Wanda aka ba aikin shi ne Nunzio Parrinello, magini, mijin 'yata ɗaya tilo.

2. Ranar 2 ga Oktoba na je wurin injiniyan ofishinka na ce kada a taɓa daɓen. Ya yi murmushi, ya tuna mini cewa ni ne na yi ta hayaniya bara da aka fitar da taruna na kamun kifi da nake ajiyewa a ɗakin. Wai kewar wurin ajiya ke damuna. Na yi hayaniyar, ban musa ba, amma ba don taru ba ne. Shi ma Nunzio cewa ya yi in sha maganina in kwanta.

3. Ya zama dole in rubuta abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har matata, Allah ya jiƙanta. Bayan yaƙin duniya na biyu, masuntan nan sun riƙa kwashe nakiya daga harsasan igwa suna jefawa a teku, kifi ya taso a kwasa. Mahaifina na cikinsu. A watan Mayu na 1961, da 'yan sanda suka fara bincike gida gida, ya binne harsasai goma sha ɗaya a tsakiyar Tukunya. Ni na kwaɓa simintin da aka rufe su da shi. Kaurinsa bai kai tafin hannu ba.

4. Shekara hamsin da takwas ina gaya wa mutane cewa injin jan taru ne ya cinye mini yatsu uku na hannun dama. Ƙarya ne. Ɗaya daga cikin irin waɗannan harsasai ne, kuma da ƙaramar guduma kawai na taɓa shi. Tun da na ga sanarwar nan abinci ya ƙi shiga. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe. Ko ƙarar babur na ji daga wajen filin sai in zaci injin ne aka tayar.

Saboda haka ina roƙo a dakatar da aikin kafin Litinin, a rufe hanyar, a kira sojoji masu kwance bam. Ba na neman a rushe ɗakin, ku riƙe tarihinku. In doka ta ce a ɗaure ni, ina gida, ba inda za ni. In kuwa ba a amsa ba, ranar Litinin da ƙarfe bakwai Nunzio zai tarar da ni zaune a kan daɓen, sai dai ya fara hudawa ta kaina.

A gafarci munin rubutun, da hagu nake yi.

Naka cikin ladabi da biyayya,
Baldassare Cusumano